Motar da ta gurfana wa Baba a Bangalore

Sai da muka haɗu mu uku kafin muka iya saka Baba a mota ranar tafiyar. Ni na riƙe shi ta hammata, Yaya Babba ya tallafi ƙugu, yaron maƙwabta kuma ya ɗaga ƙafar dama, wadda ta fi matsa masa. Hayis ce ta wani abokina na kasuwa. Baba bai ce uffan ba, amma na ga yadda ya cije leɓe har ya zauna. Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗare wa kan roka da tirela da tsalle guda, ya yi Kano zuwa Legas, ya yi Maiduguri har Njamena, yau ga shi matakalar hayis ta gagare shi a gaban jikokinsa.

Guringuntsin gwiwoyinsa ne ya cinye, likitoci suka ce sai aiki. Dangi suka yi karo-karo, aka sayar da wani fili, aka nemo bizar Indiya guda biyu a Abuja, ta mara lafiya da ta mai jinya. Ni aka zaɓa na raka shi saboda ni ne auta, kuma ina ɗan taɓa Turanci. Sana'ata sayar da kayan gyaran manyan motoci a Ƙofar Ruwa, don haka kada mai karatu ya yi mamaki in ya ga na je ƙasar mutane na ɓige da leƙen ƙarƙashin mota. Hali zanen dutse.

A filin jirgin Malam Aminu Kano aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, aka ba Baba keken marasa lafiya, muka tashi bayan azahar. Da daddare muka sauka Adis Ababa, cikin wani sanyi da ya ratsa babbar rigar Baba. Jirginmu bai tsaya a jikin gini ba, sai aka kawo irin doguwar bas ɗin nan ta filin jirgi, mai faɗi, wadda kujerunta ba su taka kara sun karya ba, cikinta kuma kamar ya taɓa kwalta. Baba ya ƙare mata kallo ya ce, "Wannan ai ba mota ba ce, faranti ne aka sa wa taya. Ko Wudil ba za ta kai ba." Aƙidarsa ke nan tun ina yaro: mota sai tsayi. Duk motar da ba za ta haye rami ta tsallake kwalbati ba, a wurinsa abin wasan yara ce.

Muka kwana a sama, gari ya waye mana a Bangalore, wanda a takardun hukuma sunansa Bengaluru tun 2014. Sabon ɓangaren filin jirgin Kempegowda duk gora ce da shuke-shuke, har da masu reto daga rufi, ka ce lambu ka shigo. Jami'in shige da fice ya nemi wasiƙar asibiti, ya ɗauki hoton yatsunmu, ya buga hatimi. Wannan bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne jiran mutumin da muka tura wa kuɗi tun daga gida a kan zai tarbe mu da tasi. Awa biyu ina kiran lambarsa da wayar wani bawan Allah, tana kashe. Har muka bar Indiya ban sa shi a ido ba.

Muna nan zaune Baba yana ta salati, sai wani dogon mutum da jallabiya ya matso ya yi mana sallama da wata irin Hausa mai nauyin Larabci. Ɗan Sudan ne, kakanninsa mutanen Maiwurno, zuwansa na uku ke nan da mahaifiyarsa. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi murmushi ya ce mu bar batun tasi, gari na da nisa, ya kusa kilomita 40, kuma za su caje mu sama da rufi 1,000 na kuɗin Indiya. Mu hau bas. Na nuna masa keken Baba, na ce ya dubi halin da muke ciki. Ya ce, "Saboda shi ma na ce ku hau bas."

Motocin suna jere a waje, dogaye, masu sanyi, an rubuta Vayu Vajra a jikinsu, a goshi kuma Volvo. Tamu lambarta KIA-9, mai zuwa babbar tashar da suke kira Majestic. Abu na farko da ya ruɗa ni, ƙofar a hagu take, na tura keken ta dama na tarar da bango. Muka zagayo. Kwandasta ya ga Baba, ya ɗaga wa direba hannu ya faɗi wata kalma. Sai na ji fusss, iska tana fita, gefen motar da ke wajenmu ya fara yin ƙasa a hankali.

Baba ya damƙi hannuna. "Auta, tayar ce ta sace?"

Ba ta sace ba. Motar ce ta rusuna. Kwandastan ya sunkuya a ƙofar tsakiya, ya kama wani zobe a daɓen motar, ya buɗo wani faifan ƙarfe ya kwantar da shi a kan dakalin tashar. Na tura keken da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da jaka, muka shige. Babu wanda ya kama hammata, babu wanda ya ɗaga ƙafa. Akwai fili daura da ƙofar da aka bari babu kujera, nan muka tsayar da keken. Direba ya danna wani abu, motar ta miƙe ta koma daidai. Baba ya yi shiru har muka fita daga filin jirgin, sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ikon Allah. Ta gurfana kamar raƙumi."

Kuɗin mutum ɗaya bai kai rufi 300 ba, lokacin kuma rufi ɗaya na kusan naira 20. Muka biyo babban titin da ya ratsa Yelahanka ya haye gadar Hebbal, inda cunkoso ya fara. Mu da muke kuka da gosulo a Kano, mu gode wa Allah. Garin nan mutanensa sun haura miliyan 10, kuma kamar kowa ya fito da abin hawansa a lokaci guda, ga hon ba ƙaƙƙautawa. Baba kuwa nishaɗi ya kama shi, don ya ga ana tuƙi ta hannun hagu. Ya ce da haka ya koyi mota, yana yaron mota a wajen maigidansa, kafin a juya hannu a Najeriya a 1972. Ya ba ni labarin yadda direbobi suka yi mako guda suna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Ya kuma lura direban namu ba ya taɓa giya, abu biyu kawai yake takawa, totur da birki. Wannan bai burge shi ba. "Direban da ba ya canja giya fasinja ne," in ji shi.

Daga Majestic muka ɗauki tasi zuwa masauki kusa da asibitin. Ɗaki ɗaya da ɗan kicin, rufi 1,500 a kwana, aka karɓi fasfo ɗinmu aka cika takardar da doka ta ce a cika wa kowane baƙo. Abinci ya ba mu wuya kwanakin farko. Idli da dosa da miyar sambar ba laifi, amma Baba ya ce duk karin kumallo ne. Sai ranar da na gano wani ɗan shago da ake sayar da ragi mudde, wato tuwon tamba, baƙi-baƙi, a dunƙule, ana haɗiya ba a taunawa. Na zuba masa miyar kukar da muka taho da ita. Ranar ya cinye malmala biyu ya yi hamdala.

Aikin ya zo da sauƙi, aka yi gwiwar dama, bayan kwanaki aka yi ta hagu, sai aka shiga gashi kullum safiya. A wannan zaman ne na haɗu da mutumin da ya warware mini sirrin motar. A wajen mai shayi na bakin asibiti muke haɗuwa, inda ake ba ka shayi a ɗan kofi kamar na turare a kan rufi 10 ko 15. Dattijo ne Batamile, wato ɗan ƙabilar Tamil ta kudancin Indiya, matarsa ke kwance, kuma ya yi shekaru yana makanikanci a garejin bas a Singafo. Da na ce masa kayan mota nake sayarwa, shi ke nan, muka zama 'yan gida ɗaya. Ya karɓi takardar magani da ke hannuna ya juya bayanta ya fara zane.

Ya ce abin da nake gani a titi riga ce kawai. Ainihin motar shi ne shasi, wato ƙwarangwal ɗin da ke ɗauke da inji da giya da aksil da birki da sitiyari. Kamfani irin Volvo sau da yawa shasin yake ƙerawa, wani kamfanin daban ya ɗora masa bodi, kamar dai yadda ake sayo kan mota a kai wa masu ƙera bodin katako a gida. Wadda muka hau sunan shasinta B7RLE, kuma kowane harafi da ma'anarsa: bas ce, injinta na wajen lita bakwai, a baya yake, mashigarta kuma ƙasa-ƙasa. A 2001 aka fito da shi, a 2013 magajinsa B8RLE ya fito. Bangalore ce ta fara sa irinsa a hayar cikin gari a Indiya, a 2006, kuma masana'antar Volvo ɗin tana nan Hoskote, bayan gari kaɗan.

Sai ya zana mota uku. Ta farko irin wadda muka sani, inji a gaba, dogayen ƙarafa biyu sun miƙe daga gaba har baya, an ɗora daɓe a kansu. Dole daɓen ya yi sama, santimita 90 ko fiye, dole ka hau matakala uku. Ta biyu daɓenta a ƙasa yake tun daga ƙofar gaba har kujerar ƙarshe, irin na manyan biranen Turai. Kafin a samu haka sai an ƙera aksil na musamman wanda dif ɗinsa, wato kullin da ke raba wa tayoyi juyi, ya koma gefe, a matse inji a lungu guda, komai ya zama a takure. Tana da daɗin hawa, amma da tsada, kuma makaniki na shan wuya kafin hannunsa ya kai inda yake so. Ta ukun ita ce tamu. An raba motar gida biyu. Daga ƙofar gaba zuwa ta tsakiya daɓen na ƙasa, bai wuce santimita 40 daga kwalta ba, saboda babu komai a ƙarƙashinsa. Daga nan sai matakala biyu ko uku zuwa baya, inda aka tara inji da giya da farfela da aksil na yau da kullum, kusan iri ɗaya da na babbar motar tafiyar nesa da kamfanin ke yi. Tsoho da mai ciki da mai keke su zauna a gaba, mai ƙafa ya hau baya.

Batun gurfanawa kuma, ya ce babu sifirin ɗin ƙarfe a motar. Balan-balan ɗin roba ne cike da iska ke ɗauke da ita a kan kowane aksil, kwamfireso yana cika su. In direba ya saki iskar gefen ƙofa, sai gefen ya sauka da kamar faɗin tafin hannu. Faɗin tafin hannu ba komai ba ne a wurin mai lafiya. Ka tambayi wanda aka yi wa aikin gwiwa.

Ni abin da ya kama hankalina a matsayina na ɗan kasuwa shi ne wayon da ke cikin rabon nan. Ba a ce sai an yi abin da ya fi kowanne kyau ba. An duba inda ake da buƙata, wato bakin ƙofa, aka sauke shi, sauran aka bar shi yadda makaniki ya saba da shi kuma mai kaya yake da shi a shago. Shi ya sa irin wannan shasi ya bazu a duniya. Dattijon ya ce a Singafo Scania ya fi yi wa aiki, samfurin K230UB, sun haura dubu a hannun kamfani ɗaya, bodinsu kuma a Malesiya aka ƙera. Mercedes na da nasa, MAN na da nasa. Shi kuwa B7RLE ɗin, a Ingila kamfanin Wright ne ya fi yi masa riga, a Ostareliya Volgren, a Hong Kong akwai masu bodin MCV na ƙasar Masar. Da na tura hoton motar wa ɗan wani maƙwabcina da ke karatu a arewacin Ingila, sai ya maido mini da hoton wadda yake hawa zuwa makaranta. Fuska daban, fenti daban, amma da ka dubi tagogin baya ka ga sun ɗaga sama, ka san 'yan uwa ne. A can doka ce ma ta tilasta, tun farkon 2016 ba a yarda babbar bas mai hawa ɗaya ta yi haya ba in keken guragu ba zai shiga ba.

Na kai wa Baba takardar zanen a gadon asibiti. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Washegari ya ce in kira masa mutumin. Haka na zauna a tsakaninsu ina tafinta, tsohon direba da tsohon makaniki, kowa na ji da kansa. Baba ya tambaya, in balan-balan ta fashe a daji fa? Sifirin in ya karye sai ka ɗaure da katako da igiya ka lallaɓa zuwa gari. Dattijon ya ce wannan ba motar daji ba ce. Baba ya ce to inji a baya, ƙura fa, lagireto ba zai toshe ba? Dattijon ya girgiza kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a, ya ce yana toshewa, sai an riƙa wankewa. Baba ya dube ni da alamar ya ci nasara. Amma da mutumin zai tafi sai ya ce in tambaye shi ko direba na jin zafin inji a ƙafarsa. Aka ce ina, inji na can mita goma a bayansa. Baba ya shafa ƙwaurinsa, inda zafin injin roka ya bar masa tabo, bai ƙara magana ba.

Ranakun da yake barcin rana nakan fita yawo ni kaɗai. Na hau bayan motar don in ji da jikina: matakala, sannan kujeru a sama kamar kana kan dakali, ƙugin inji a ƙarƙashinka, kujerar ƙarshe da ɗumi duk da sanyin na'ura. A Majestic, tashar da aka yi ta zagaye-zagaye da gadar ƙafa a sama, na tsuguna ina leƙen ƙarƙashin wata da ke tsaye, sai ga mai gadi da sanda yana tambayar abin da na ɓatar. Na nuna masa balan-balan ɗin na ɗaga babban yatsa. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali ya wuce.

Na kuma hau bas ɗin talakawa, marar sanyi, wadda a lokacin kuɗinta ke farawa daga rufi 5. Ita matakala uku ce cur, irin ta zanen farko. Na yi kuskure na shiga ta ƙofar gaba, ashe ɓangaren mata ne. Kwandastar mace ce, da kakinta da jakar fata da usur, ta hura mini shi a kunne ta nuna baya, matan suka yi ta dariya. Tun watan Yunin 2023 matan jihar Karnataka, wadda Bangalore ke cikinta, kyauta suke hawa irin waɗannan motoci, amma kyautar ba ta shafi masu sanyi ba. Nan na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Wata tsohuwa da kwandon furanni ta kama ƙarfe da hannu biyu tana jan jikinta sama matakala bayan matakala, ga Volvo a bayanmu da ƙofarta a ƙasa, cike da samari masu aikin kwamfuta da jakunkunan goyo, waɗanda ko ta taga aka ce su shiga za su iya. Motar da aka yi domin masu rauni, kuɗinta ya sa ta zama ta masu albashi. An fara kawo sababbi masu lantarki da ƙofa a ƙasa a layin talakawan, na hau guda biyu, amma masu matakalar su ne suka fi yawa a idona.

Juma'a ta huɗu Baba ya ce shi fa ya gaji da sallah a ɗaki, masallaci zai je, kuma ba a keke ba. Lokacin ya fara takawa da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Mai gashin ya yarda, da sharaɗin kada ya hau matakala mai tsayi. Na ce mu ɗauki tasi. Ya ce a'a, raƙumarsa zai hau.

Muka tsaya a tasha, muka bar masu matakala uku suka wuce, har tamu ta zo. Direban ya matso da ita dab da dakalin titi. Ko gurfanawa ba ta yi ba, don dakalin ya riga ya cinye rabin tsayin. Na ce, "Baba, a taka a hankali." Ya ɗora sandar a ciki, ya ɗaga ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Shi ke nan, ya shiga. Wani yaro ya tashi ya ba shi kujera. Rabon da Baba ya shiga mota da ƙafarsa ba tare da an taɓa shi ba, an fi shekara uku. Na juya ina kallon taga don kada ya ga idona.

Shivajinagar muka je, unguwar da Musulmi ke da yawa, kusa da tsohuwar kasuwar Russell. Ƙamshin biriyani da naman gashi, shagunan turare da hula, mata da baƙin hijabi, ka rantse wani lungu ne a Fagge. Aka ba Baba kujera a sahu. Bayan sallah muka ci biriyanin naman sa, ya ce shinkafar ta yi, yajin ne dai ba su san ƙa'ida ba.

A dawowa ne muka ga ɗaya fuskar abin. Hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa irin na watan Oktoba a can, kafin minti talatin titi ya zama rafi. 'Yan adaidaita sahun garin, masu kore da ruwan ɗorawa, suka zo suka cika bakin tashar suna neman fasinja. Da motarmu ta iso babu inda za ta raɓa, dole ta tsaya a tsakiyar titi. Sai ga Baba zai sauka daga dakali, ya ratsa ruwa har idon sawu da sababbin gwiwoyi, sannan ya hau mota daga kan kwalta, inda tsayin ya kusa kamu guda. Faifan ƙarfen ma ba shi da amfani a nan, don in babu dakalin da zai kwanta a kai, gangarensa ya yi tsaye da yawa. Direban ya saki iska ta rusuna, wani fasinja ya miƙo hannu, ni na tura ta baya. Muka koma gidan jiya, mutum uku a kan tsoho ɗaya. A hanya kuma, da muka iso wata ƙarƙashin gada da ruwa ya taru, direban ya ƙi shiga, ya jira, alhali wata tsohuwar bas mai tsayi ta keta ta wuce tana watsa mana ruwa. Baba, jiƙe sharkaf, ya nuna ta da haɓa. "Ka gani ko? Mota sai tsayi."

Daren nan muka daɗe muna wannan magana, ina shafa masa man zafi. Ni ra'ayina, kuma har yanzu ina kansa, motar ba ta da laifi. Rabin aikin ita ke yi, sauran rabin na titi ne: dakali mai tsayi daidai, tashar da ba a bari kowa ya tare, magudanar ruwa mai aiki. In ka kawo ta Kano yau ka ce ta shiga lungunan cikin gari, ko ta bi titin da kowane mai gida ya gina nasa tudun rage gudu kamar kabari, cikinta zai tafi a wata guda, kuma mu 'yan Ƙofar Ruwa ba mu da balan-balan ɗinta a kanta. Amma titin Zariya, titin Katsina, titin Haɗeja, me zai hana? Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2019 ta yi maganar ababen hawa na haya, ta ba da wa'adin shekara biyar, wa'adin ya cika ya wuce. Kuma ba guragu kaɗai ake magana ba. Duk wanda ya taɓa ganin mace da goyo da tsohon ciki tana kokawar shiga hayis a Bata, yaron mota na buga bodi yana cewa a yi sauri, ya san su wa ake nufi. Baba ya ce duk ya ji, amma a fara gyara kwata tukuna. Na ce a kan wannan ba mu da saɓani.

Kwanakin da suka rage gashi ne da sayen magani da 'yar tsaraba. Na kai shi lambun Lalbagh sau ɗaya, ya zauna a ƙarƙashin wata rimi da ya ce ta girmi kakansa. Muka yi sallama da dattijon Batamile, ya ƙara mini wani zanen a bayan katinsa. Ranar komawa, da asuba, Vayu Vajra muka sake hawa, wannan karon keken a naɗe yake a wurin kaya, Baba na zaune a kujerar gaba yana sa wa direba ido. Da za mu sauka ya dafa kafaɗar direban ya ce masa da Hausa, "Sannu da aiki, ɗana." Mutumin ya girgiza kai irin nasu.

Kwana 41 muka yi. A Kano hayis ɗin nan dai ita ta zo tarbarmu. Yaya Babba ya matso zai kama hammata, Baba ya ɗaga masa hannu, ya sa aka ɗauko bulo guda daga gefen hanya aka ajiye a bakin ƙofar, ya taka shi ya shiga. Da muka isa gida, mutane cike da ƙofar gida ana ta barka da zuwa, sai ya tsaya a bakin zaure yana kallon dokin ƙofar, wanda shi da kansa ya sa aka ɗaga shi shekarun baya saboda ruwan damina. Ya auna shi da sandarsa. Ya ce in kira masa magini gobe da safe, a bar tsayin yadda yake saboda ruwa, amma a zuba masa gangare ta ciki da ta waje, mai faɗin da keke zai wuce. Hajiya ta ce ai ya warke, keken me kuma? Ya ce ba nasa ba, Malam na bayan layi ya shekara biyu bai shigo zauren nan ba.